Daga Agadas zuwa Sabha: abin da ya raba gudun mota da kusantar gari

A tashoshin mota na Agadas, da kuma unguwar Gurda ta birnin Sabha inda baƙi da yawa daga Nijar, Najeriya da Cadi ke sauka, tambayar da aka fi yi wa direba ita ce kwana nawa za a yi a hanya. Sau da yawa amsar takan zo da yabon mota: Hilux ce, tana cin kilomita 100 a awa ba ta ko nishi. Maganar ba ƙarya ba ce. To amma tazarar da ke tsakanin Agadas da Sabha a miƙe kimanin kilomita 1,300 ce, da lissafin direban ke nan awa 13 ta isa. Alhali wannan tafiya kwanaki ake ƙirga mata, ba awoyi ba.

Abin da ya shiga tsakanin maganar direba da abin da fasinja ke gani shi ne darasin da ake fara koya wa ɗalibi a ilimin fizik, a babin motsi. Kalmar sauri tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma kimiyya ta raba su. Ɗalibin Jami'ar Sabha ko na makarantun Libiya, wanda ke karatu da Larabci, ya san su da sur'a ƙiyasiyya da sur'a muttajiha. Na Kano da Sakkwato ya haddace su da Ingilishi, speed da velocity. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ne ya fi shan wahala, domin Faransanci kalma ɗaya yake da ita, vitesse, sai an ƙara mata vecteur a gaba kafin a gane cewa ta biyun ake nufi. A Hausa ana iya ce wa na farko sauri kawai, na biyu kuma sauri mai alƙibla.

Tsawon hanya daban, gusawa daban

Kafin a je ga sauri sai an raba nisa gida biyu. Akwai tsawon hanya, wato duk ƙasar da tayar mota ta taka, da kwana da kewaye da komawa baya. Shi ne lambar kilomita da ke gaban direba take tarawa, kuma lambar nan ba ta raguwa ko da motar ta juya ta koma inda ta fito. Akwai kuma gusawa, wato layin da za a ja a miƙe daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya, tare da faɗin wajen da ya nufa. Gusawa ba ruwanta da yadda aka bi. Abu biyu kawai take tambaya: ina aka faro, ina aka ƙare.

Matsakaicin sauri shi ne tsawon hanya a raba da dukan lokacin da aka ɗauka. Matsakaicin sauri mai alƙibla shi ne gusawa a raba da wannan lokacin. Lokacin ɗaya ne a lissafin biyu, kuma ya haɗa da na barci, na gyaran taya, na tono mota daga rairayi da na jira a shingen jami'an tsaro. Abin da ake rabawa ne ya bambanta.

Hanyar da aka fi sani daga Agadas ba ta nufi Sabha kai tsaye. Takan fara yankawa gabas cikin Tenere zuwa Dirku, sannan ta miƙe arewa ta Sigidin da Madama, ta tsallaka iyaka a Tumo, ta bi ta Gatrun kafin ta shiga Sabha. Idan aka haɗa waɗannan zangon, tsawon hanyar ya haura kilomita 1,500. A ɗauka wata mota ta taka 1,600 cikin kwana 4, wato awa 96. Matsakaicin saurinta shi ne 1,600 a raba da 96, wanda ya ba da kusan kilomita 17 a awa. Matsakaicin saurinta mai alƙibla kuwa 1,300 ne a raba da 96, kimanin kilomita 13 da rabi a awa, zuwa arewa tare da karkata gabas da kusan digiri 30.

Lamba uku ke nan ga mota ɗaya: 100 da allurar gudu ta nuna a wani fili mai tauri, 17 da kuma 13 da rabi. Dukansu gaskiya ne. Ta farko saurin nan take ne, na daƙiƙar da aka kalli allurar. Ta biyu ta faɗi yadda motar ta ci ƙasa. Ta uku ce kaɗai ta faɗi yadda fasinja ya kusanci Sabha, kuma gudu ne da mai keke zai iya yi.

Wata ƙa'ida ta fito daga nan: girman matsakaicin sauri mai alƙibla ba zai taɓa wuce matsakaicin sauri ba, domin babu hanyar da ta fi miƙaƙƙen layi gajarta. Sukan zo daidai ne kawai idan tafiyar ta miƙe ba kwana ba komawa baya. Jirgin saman da ke tashi daga Sabha zuwa Tarabulus ya fi kusa da haka, tun da tazarar kimanin kilomita 650 da ke tsakanin biranen biyu yake bi kusan a miƙe, yayin da mai mota sai ya taka fiye da 750.

Tafiyar da lissafinta ya tashi a sifili

Inda abin ya fi ɗaure wa ɗalibai kai shi ne tafiyar zuwa da dawowa. Garin Ubari na yamma da Sabha, tsawon titin kimanin kilomita 200, tazarar a miƙe kuma wajen 170. A ɗauka direba ya tafi fayau da gudun 100 a awa, ya isa cikin awa 2. A zangon nan matsakaicin saurinsa 100 ne, mai alƙibla kuma 85 zuwa yamma da ɗan karkata kudu. Da zai dawo ya yi lodi mai nauyi, gudunsa ya koma 50, ya ɗauki awa 4.

Idan aka tambayi matsakaicin saurin tafiyar gaba ɗaya, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce 75, wato tsakiyar 100 da 50. Kuskure ne, kuma shi ne ramin da masu shirya jarrabawa suka fi haƙa wa ɗalibai. Direban ya taka kilomita 400 cikin awa 6, ke nan kusan 67 a awa. Dalili shi ne ya fi daɗewa a kan gudun da ya fi ƙanƙanta: awa 4 yana tafiya a 50, awa 2 kacal a 100. Duk wanda ya taɓa tsara lokacin isa gari ta hanyar haɗa gudun fili da gudun rairayi ya raba biyu, lissafinsa zai nuna masa isa da wuri fiye da yadda za ta kasance.

Matsakaicin sauri mai alƙibla na wannan tafiya kuwa sifili ne. Daga Sabha ya tashi, a Sabha ya tsaya, bai gusa ko taku ɗaya ba. Wannan amsa takan ba mutane dariya, ganin an ƙona mai, taya ta ci, direba ya gaji, sannan a ce sifili. Haka lissafin ɗan kabu-kabu yake, da mai tasi da ya wuni yana kai-komo tsakanin Gurda da Mahdiya da Manshiya ya dawo ya ajiye mota a ƙofar gidansa. Sifilin ba ya nufin bai yi aiki ba. Yana nufin tambayar da aka yi ita ce ina ya ƙare, ba nawa ya taka ba.

Tarihin Fazzan na da babban misali a kan wannan. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a ƙasashen Musulmi ya yi tafiya da sunan Abdul Karim, ya bar Tarabulus a ƙarshen watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sun sauka Murzuk, kudu da Sabha, wadda a zamanin ita ce cibiyar Fazzan kuma matattarar ayari. Daga nan suka yanka yamma zuwa Gat, suka gangara duwatsun Ayar, Barth ya ratse zuwa Agadas, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851. Tazarar Tarabulus da Kano a miƙe ta ɗan gaza kilomita 2,400, tafiyar kuma ta ci kimanin kwana 315. Idan an raba, matsakaicin saurinsa mai alƙibla bai kai kilomita 8 a rana ba, alhali raƙumin ayari na iya cin 30 ko fiye a wuni. Sauran duk sun tafi a kewaye da zaman jira: makonni a Murzuk, watanni a Ayar.

A watan Agustan 1855 Barth ya koma Tarabulus ta hanyar Kawar da Murzuk, bayan ya kai har Kukawa, Yola, Sakkwato da Tumbuktu, ya taka fiye da kilomita 15,000. Abokan tafiyarsa biyu sun rasu a hanya. A lissafin gusawa, shekara biyar da watanni sun tashi a sifili. Amma yaron nan Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda ya rako shi ya ratsa Fazzan har Ingila, nasa lissafin daban ne, domin ba daga Tarabulus ya faro ba. Mutum biyu a ayari ɗaya, gusawarsu ta bambanta saboda mafarinsu ya bambanta.

Wanne ne ke shan mai, wanne ne ke kai mutum rijiya

A aji, bambancin nan maki ne a jarrabawa. A Tenere, jarkar ruwa ce. Man fetur tsawon hanya yake bi, ruwan sha kuma lokaci yake bi, babu ɗayansu da ya damu da layin da ke kan taswira. A ɗauka mota na shan lita 20 a kowace kilomita 100 cikin rairayi. Wanda ya yi lissafi da 1,300 zai ɗauki lita 260. Wanda ya yi da 1,600 zai ɗauki 320. Bambancin lita 60 ne, jarka uku masu cin 20, kuma su ne kilomita 300 na ƙarshe. Tsofaffin direbobin hanyar sun san haka ba tare da sun shiga aji ba, shi ya sa da zango da rijiya suke ƙirga tafiya.

A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, aka tsananta aiki da ita daga 2016. Agadas ba ta matsa ba, Sabha ba ta matsa ba, gusawar na nan a kilomita 1,300. Abin da ya sauya shi ne hanya. Direbobi da dama suka bar sananniyar hanya da rijiyoyinta, inda sojoji ke tsaye, suka riƙa yin kewaye cikin hamada. A harshen fizik, tsawon hanya ya ƙaru, lokaci ya ƙaru, matsakaicin sauri mai alƙibla ya faɗi, ko da allurar gudu ta ƙara hawa saboda tsoron kamu. Mota tana ƙara gudu, gari yana ƙara jinkirin zuwa. A ƙarshen Mayun 2017 mutum 44, akasarinsu ƴan Gana da Najeriya, har da jarirai, sun mutu da ƙishirwa bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. Mutum 6 ne suka tsira. Hukumomin soja na Yamai sun soke dokar a watan Nuwamban 2023.

Ba a ce lissafi ne ya kashe waɗannan mutane ba. Talauci, dokokin iyaka da tsohuwar mota ne a gaba. Sai dai duk mai biyan kuɗin irin wannan tafiya na da haƙƙin sanin cewa gudun mota ba shi ne amsar tambayarsa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta ina za a bi, kilomita nawa ne ta can, kuma kwana nawa ne tsakanin ruwa da ruwa.

Idan mota ta mutu aka koma ƙafa, bambancin yakan ƙara tsanani. A 2009 wasu masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Tubingen a Jamus, ƙarƙashin Jan Souman, sun wallafa gwajin da suka yi da mutanen da aka ɗaura wa na'urar GPS aka ce su yi tafiya a miƙe na tsawon awoyi, wasu a wani daji a Jamus, wasu a hamadar Tunisiya. A dajin, waɗanda suka samu rana a fili sun miƙe sosai, waɗanda hadari ya rufe wa rana kuwa suka riƙa zagaye suna sake taka sawunsu ba su sani ba. A hamadar, wanda ya yi tafiyar dare ya miƙe har lokacin da gajimare ya rufe wata, daga nan ya fara karkacewa. Waɗanda aka ɗaure wa ido a fili sun yi da'irar da wani lokaci faɗinta bai wuce mita 20 ba.

Mutumin da ke cikin wannan hali matsakaicin saurinsa na iya zama kilomita 4 a awa, jikinsa na biyan kuɗin kowane taku da gumi, amma saurinsa mai alƙibla na dab da sifili. Jiki na jin tsawon hanya, ba ya jin gusawa. Aikin madugu da jagora tun zamanin ayarin gishirin Bilma da Faci shi ne riƙe alƙibla, da rana da taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi. Raƙumi ke ba da sauri, madugu ke mayar da shi sauri mai alƙibla.

Masu neman waɗanda suka ɓace ma da wannan lissafi suke fama. Idan abin da aka sani kawai shi ne mutum ya bar mota yana tafiyar kilomita 4 a awa, bayan awa 10 na tafiya zai iya kasancewa ko'ina cikin da'irar da ta kai kilomita 40 ta kowane gefe, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 5,000. Bayan awa 20, nisan ya ninka biyu amma filin ya ninka huɗu, ya kai kusan 20,000. Idan kuwa an san wajen da ya dosa, da'irar ta koma ɗan siririn yanki. A watan Oktoban 2013, lokacin da motoci biyu suka lalace arewa da Arlit a kan hanyar Aljeriya, an tsinci gawarwaki 92, yara 52, mata 33 da maza 7, da yawansu ƴan yankin Kance a jihar Damagaram. An same su rukuni-rukuni, a warwatse cikin kilomita da dama. Wannan ne ya sa masu aikin ceto kan ba da shawarar kada a yi nisa da mota matuƙar akwai wanda ya san hanyar da aka biyo, kuma idan fita ta zama dole, a bar alama mai nuna wajen da aka dosa da lokacin da aka tashi. Mai wayar Thuraya kuma, lambobin wurin da yake su ne farkon abin da ya kamata ya aika kafin batir ya mutu, domin daga lambobi biyu da aka aika a lokuta biyu ana iya fitar da gusawa da alƙibla gaba ɗaya.

Kwana ma sauyin sauri ne

Akwai wani reshe na wannan magana da fasinjan bayan Hilux ya sani a jikinsa. Tun da alƙibla na cikin ma'anar sauri na biyu, duk lokacin da mota ta sha kwana, saurinta mai alƙibla ya sauya, ko da allura na tsaye cak a kan 80. Dokar motsi ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687, ta ce irin wannan sauyi ba ya faruwa sai da ƙarfin da ya tilasta shi. Taya na samun ƙarfin daga ƙasa. Mutumin da ke zaune a bakin bodi ƙafafunsa na reto a waje ba shi da inda zai same shi sai abin da ya riƙe, in ba haka ba jikinsa zai ci gaba da tafiya a miƙe motar ta kauce ta bar shi. Sandunan da ake cusawa tsakanin kaya domin fasinja su rungume aikinsu ke nan. Ƙarfin da ake buƙata kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: a kwana ɗaya, idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Kwanar da aka sha lafiya a 40 na neman riƙo ninki huɗu a 80.

Masu hasashen yanayi ma ba sa faɗin gudun iska su yi shiru. Gibli, zazzafar iskar kudu da ke kwasar ƙura daga hamada zuwa gaɓar tekun Libiya, sunanta ma daga alƙibla ya samo asali. Ga matuƙin jirgin da ya tashi daga Sabha zuwa Tarabulus tana tura shi gaba, ga mai dawowa kuma tana tare shi, gudunta ɗaya amma sakamakon ya saɓa.

Ga ɗalibin da ke shirin BEPC a Tawa, ko WAEC a Zariya, ko jarrabawar sakandare a Sabha, hanyar rarrabewa a takarda gajeriya ce. Idan tambaya ta ce mutum ya yi kilomita 3 gabas sannan 4 arewa cikin awa 2, tsawon hanya 7 ne, matsakaicin sauri 3 da rabi a awa. Gusawa kuwa ita ce doguwar kusurwar da ta haɗa mafari da matsaya: 9 a tara da 16 ya ba da 25, tushensa 5. Matsakaicin sauri mai alƙibla 2 da rabi ne a awa, zuwa arewa da karkata gabas da kusan digiri 37. Wanda ya rubuta 2 da rabi ya tsaya nan bai faɗi alƙibla ba, rabin amsa ya bayar, kuma mai gyaran takarda na da hujjar rage masa maki.